Zaɓen Ragon Iri Mai Saurin Girma

In kaka ta yi aka yanke gero, manomin kirki ba ya ɗibar iri da ka. Sai ya bi dami dami yana tsintar zangarniya mai tsawo, mai cikar ƙwaya, ya ɗaure ta dabam, ya ajiye inda ɓera da gara ba su kaiwa. Ko yunwa ta matsa wa gida ba a taɓa wannan dami, domin kowa ya san abin da ka shuka shi za ka girba.

To, ga abin mamaki. Manomin nan da ya san darajar irin gero, in aka zo wajen tumaki sai ya juya al'amarin. Da Babbar Salla ta matso sai ya kama ragon da ya fi duka girma da kyau ya kai kasuwa. Wanda ya rage a gida shi ne tsumburarren da dillali ya ƙi tayawa, shi ne kuwa zai yi ta barbarar tumaki har shekara ta zagayo. Bayan 'yan shekaru sai ka ji mai garke yana cewa tumakin yanzu ba su da albarka, ya ɗora laifi a kan ciyawa ko a kan zamani, alhali shi da kansa ya sayar da irinsa.

Rago Rabin Garke Ne

Tunkiya tana ɗaukar ciki wata biyar, watau wajen kwana 150. A shekara ɗa ɗaya ko biyu za ta ba ka, in ta yi ƙoƙari uku. Amma rago ɗaya ƙosasshe yana iya barbarar tumaki 25 zuwa 30, kowane ɗa kuwa da aka haifa rabin jininsa na uba ne. Saboda haka in tunkiya ɗaya ba ta da kyau, ɗa ɗaya ko biyu ta ɓata maka. In rago ne ba shi da kyau, haihuwar shekarar duka ya ɓata.

Saurin girma kuwa shi ne inda ribar kiwo take. Dabba tana cin abinci don abu biyu, ɗaya don ta rayu, ɗaya don ta ƙara nama. Abincin rayuwa kullum sai an biya shi, ko ta ƙaru ko ba ta ƙaru ba. Ɗan rago mai nauyin kilo 25 yana cin wajen kilo ɗaya na busasshen abinci a yini. A ce kana da 'yan raguna biyu, ɗaya ya kai kilo 30 cikin wata takwas, ɗaya sai da ya yi wata goma sha biyu. Na biyun ya ci maka harawa da dusa na kwana 120 a banza, fiye da kilo 100 ke nan, ga wahalar ɗebo ruwa, ga kasadar ciwo da sata, a kasuwa kuwa kuɗinsu ɗaya.

Abin Da Ake Gado

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma fa ba dukan girman rago ne 'ya'yansa ke gado ba. Masana kiwo sun auna sun ga cewa, cikin bambancin nauyi da ke tsakanin 'yan raguna tsara ɗaya, wajen kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku ne na jini. Sauran na abinci ne da nonon uwa da lafiya.

Ga yadda lissafin yake. A ce ɗan ragonka ya fi tsakatsakin tsararsa da kilo 6, alhali abinci ɗaya suka ci. Sulusin wannan, watau kilo 2, shi ne na jini. Rabinsa yake bai wa kowane ɗa, watau kilo 1. Wani zai ce kilo ɗaya me zai yi? To, in 'ya'yan sun kai 30, ka sami kilo 30, rago guda ke nan a kyauta, ba ka ƙara ko damin harawa ɗaya ba. Har wa yau ƙarin nan ba ya ɓacewa. 'Ya'yansa mata za su zama iyaye, in ka sāke zaɓen rago mai kyau a kansu ƙari ya hau kan ƙari.

Wannan lissafi ya nuna mana wani abu kuma. Ƙaton ragon turke da ka gani a kasuwa, wanda aka shekara biyu ana ɗura masa dusa da ƙuli, yawancin girmansa na akushi ne, kitse kuwa ba a gadonsa. Mai neman ragon iri kada ya bari geza da ƙaho su ruɗe shi.

Irin Tumakinmu

A arewacin Nijeriya da kudancin Nijar iri uku ne suka fi yawa a hannun jama'a. Akwai 'Yanƙasa, farare masu baƙi a kewayen ido da kunne da baki. Su ne matsakaita a jiki, sun fi sauran yaɗuwa, suna da jimiri, suna rayuwa har inda ruwan sama ke da yawa. Akwai Uda, masu dogayen ƙafafu da dogon kunne, gabansu baƙi ko ja, bayansu fari, tumakin makiyaya masu jure tafiya. Sa'an nan akwai Balami, farare fat, masu gantsararren hanci da faffaɗan kunne, waɗanda suka fi yawa wajen Barno. Su ne suka fi duka girma, amma suna son ƙasa mai bushewa da abinci wadatacce.

Mutane da yawa suna sa ragon Balami ko na Uda a kan tumaki 'Yanƙasa, 'ya'yan farko kuwa sukan fito da girma. Ba laifi, in kana da abincin da za ka ba su. Amma babban jiki babban ciki gare shi. Wanda harawarsa ke ƙarewa tun watan Fabrairu gara ya tsaya a kan 'Yanƙasa ya zaɓi na kirki a cikinsu. Kuma kada a sa ƙaton rago a kan ƙaramar tunkiya mai cikin fari, don gudun wahalar haihuwa. Haka nan tumakin waje irin su Dorper, waɗanda aka ƙago a Afirka ta Kudu tun wajen 1930 da 'yan kai, suna da saurin girma ƙwarai, amma ba su nuna shi sai inda kulawa ta cika. Ko wane iri ka riƙe, a cikinsa akwai mai sauri akwai mai nawa, aikinka shi ne ka gane su.

Sikeli Da Littafi

Ido yana ruɗi, sikeli ba ya ruɗi. Kayan aikin kaɗan ne: sikelin ratayawa irin na masu awon hatsi, da buhu, da littafi, da alƙalami. Wanda ba ya rubutu ya sa ɗansa ɗan makaranta, da boko ko da ajami duka ɗaya ne. Kowane ɗa a ba shi lamba, ko a kunne ko a igiyar wuya. A rubuta ranar haihuwa, da uwarsa, da ubansa, da ko shi kaɗai aka haifa ko tagwaye ne. Sa'an nan a auna shi sau uku: ran da aka haife shi, da ran da ya cika kwana 90, watau lokacin yaye, da ran da ya cika wata shida. A riƙa awo da safe kafin su ci su sha.

Don ka san ƙarin da yake yi kullum, ɗebe nauyin haihuwa daga nauyin yau, abin da ya rage ka raba shi da yawan kwanakinsa. Ga misali. Na farko an haife shi da kilo 3, ya kai kilo 15 a kwana 90. Ƙarinsa kilo 12, watau giram 133 kullum. Na biyu shi ma an haife shi da kilo 3, yau kilo 16 gare shi, amma kwanansa 120. Ƙarinsa kilo 13, watau giram 108 kullum. In ka tsayar da su tare na biyun ne zai cika maka ido, amma na farkon shi ne iri.

Inda ba a sami sikeli ba, a ari awon tela a zagaya ƙirji daidai bayan ƙafafun gaba. Kaurin ƙirji yana tafiya tare da nauyi, ya isa ya nuna maka wanda ke gaba da wanda ke baya.

A Gwada Tsara Da Tsara

Ba a haɗa ɗan kaka da ɗan bazara a gwaji. Wanda aka haifa lokacin da harawar wake da ta gyaɗa suka cika rumbu lalle ya fi wanda aka haifa ana jiran ruwa, wannan kuwa sa'a ce ya taka. Sai a gwada waɗanda aka haifa cikin wata ɗaya ko biyu, suka yi kiwo wuri ɗaya.

Haka kuma ba a haɗa tilo da tagwaye. Tilo shi kaɗai ke shan nonon uwarsa, tagwaye kuwa rabawa suke yi, don haka a lokacin yaye sukan kasa shi nauyi. Wanda ke zaɓe da ido kullum tilo zai ɗauka, da haka sannu sannu ya kori haihuwar tagwaye daga garkensa bai sani ba. Tunkiyar da ta yaye tagwaye masu kilo 12 kowanne ta ba ka kilo 24, ta fi wadda ta yaye ɗa ɗaya mai kilo 15. A gwada tagwaye da tagwaye, tilo da tilo. Ɗan cikin fari shi ma a yi masa rangwame, domin uwarsa ba ta gama girma ba, nononta bai kai na manya ba.

A lura da wannan kuma: nauyin yaye yawanci labarin nonon uwa yake bayarwa. Ƙarin da ɗan rago ya yi daga yaye zuwa wata shida, lokacin da ya dogara da bakinsa, shi ya fi nuna abin da ke jininsa. Wanda ya yi fice a awo biyun nan duka, shi za ka sa wa ido.

Gwajin Ci

Saurin girma abu ɗaya ne, yawan abincin da aka ci kafin a girma wani abu ne dabam. Mai kiwon turke, ko ɗan kasuwa ne ko ma'aikacin ofis mai 'yan raguna a bayan gida, yana iya gwada wannan da kansa. Ka ware 'yan raguna uku ko huɗu da suka fi kyau a littafi. A ba su maganin tsutsar ciki, a ɗaure kowanne a turkensa da akushinsa, a ba su mako biyu su saba da abincin. Daga nan a auna su, a yi kwana 60 ana auna abin da aka zuba wa kowanne da abin da ya rage, sa'an nan a sāke auna su.

A ce ɗaya ya ci kilo 64 ya ƙara kilo 8, ɗaya ya ci kilo 80 shi ma ya ƙara kilo 8. Na farko kilo 8 na abinci yake mayarwa kilo ɗaya na jiki, na biyu sai ya ci kilo 10. A ido ba su da bambanci, amma ɗaya ya fi ɗaya cin aljihunka, wannan hali kuwa ana gadonsa gwargwado.

Duba Jikin Rago

In littafi ya fid da rago, saura hannu da ido su yi nasu aiki. Fara da baki. Tumaki ba su da haƙoran gaba a sama, sai dasashi mai tauri, haƙoran ƙasa kuwa dole su sauka daidai a kansa. Wanda muƙamuƙinsa ya zarce ko ya gaza ba ya iya tsinkar ciyawa sosai, 'ya'yansa ma suna iya fitowa haka. Haƙoran nan su ne ke gaya maka shekaru: manya biyu, shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, huɗu, wajen shekara biyu, shida, wajen uku, takwas, ya kai huɗu.

Duba ƙafafu, su zama miƙaƙƙu, kofato lafiyayye, ka sa a ja shi ka ga tafiyarsa. Rago mai ɗingishi ba ya bin garke, ba ya iya hawa. Shafa gadon baya da cinya ka ji nama, ka nemi ƙirji mai faɗi da jiki mai tsawo. Buɗe fatar ido ta ƙasa: in ja ce jini ya isa, in ta yi fari tsutsa ta sha shi. Ragon da kullum sai an ba shi magani alhali 'yan'uwansa lafiya lau, a fid da shi ko da ya fi su girma.

Daga ƙarshe a taɓa maraina. Su zama biyu, girmansu ɗaya, masu tauri kamar tsokar dantse, ba kumburi, ba ƙulli. Tsakanin raguna tsara ɗaya, mai manyan maraina ya fi yawan iri. Mai ɗaya tak ko mai kumburi ba ragon barbara ba ne.

In saye za ka yi, gara ka je gidan mai kiwo, ka ga uwar ragon da 'yan'uwansa, ka tambayi ko garken yana yawan ɓari. Akwai ciwon da ke sa ɓari wanda rago ke iya shigo da shi, mutane ma suna kamuwa. Baƙon rago a keɓe shi mako uku ko huɗu kafin ya shiga garke, a kira malamin dabbobi ya duba shi, ya yi masa allurar rigakafin PPR, ciwon nan mai kawo zazzaɓi da majina da zawo da miki a baki. Ana yin maganin allurar a Vom, kusa da Jos, allura ɗaya kuwa tana tsare dabba shekara uku. Mai son ƙarin bayani a kan irin tumaki ya nemi malaman gona na yankinsa, ko cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika kusa da Zariya, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello.

Aiki Da Ragon

Rago ɗan shekara ɗaya a ba shi tumaki 10 zuwa 15, babba 25 zuwa 30. Tunkiya tana neman rago bayan kowane kwana 17, saboda haka in ya yi mako shida tare da su kowacce ta sami zarafi sau biyu. Irin da ke jikin rago yana ɗaukar wajen mako bakwai kafin ya nuna, don haka tun saura wata biyu a fara gyara masa abinci, harawa mai kyau da 'yar dusa da gishiri ko kanwa. Kada a turke shi ya yi kitse, ragon da ya yi kitse malalaci ne. In an haɗa su a watan Mayu ko Yuni haihuwa za ta faɗo a Oktoba ko Nuwamba, daidai lokacin da abinci ya wadata, 'ya'yan kuma su tashi tsara ɗaya, gwajinsu ya yi sauƙi.

Zaɓen nan duka banza ne in sauran raguna suna yawo cikin tumaki. Ɗan rago tun yana wata biyar ko shida yana iya ba da ciki. Ko a dandaƙe waɗanda ba a zaɓa ba tun suna ƙanana, ko kuwa, da yake masu sayen ragon layya sun fi son wanda ba a dandaƙe ba, a raba su da mata tun daga yaye, a turke su don kasuwa.

Kada kuma a bar uba ya hau 'yarsa, ko wa ya hau ƙanwarsa. Jini in ya yi kusa yana kawo 'ya'ya raunana, masu jinkirin girma, masu saurin mutuwa. Daga ran da rago ya fara aiki, kafin shekara ɗaya da rabi 'ya'yansa mata sun isa barbara. Kafin lokacin sai a yi musanya da wani mai kiwo na wani gari wanda shi ma yake awo, ko a raba shi da 'ya'yan nasa.

Wajen mata kuma, a riƙe 'ya'yan tumakin da ke haihuwa a kan kari, masu nono, masu kula da ɗa. Wadda ta shekara ba ciki, ko ta yi ta yar da ɗa, ita ce ta kasuwa.

Garin Da Ake Sakin Dabbobi

Wani zai ce, mu da rani sakin dabbobi muke yi, tumakin gari duka a haɗe suke, ina amfanin zaɓena? Gaskiya ne, mutum ɗaya ba ya iya wannan shi kaɗai. Amma akwai dabarar da wani manomi na ƙasar Ingila, Robert Bakewell, wanda ya rayu daga 1725 zuwa 1795, ya shahara da ita. Shi ya riƙa zaɓen tumaki masu saurin yin nama, sa'an nan maimakon ya sayar da ragunansa na kirki sai ya ba da su haya na lokacin barbara. Da haka ya sami kuɗi, ragon yana nan nasa, kuma ya ga irin 'ya'yan da kowane rago ya haifa a gonakin mutane, ya san wanda ya cancanci a riƙe.

Mutanen unguwa ɗaya ko ƙungiyar manoma suna iya yin haka. A haɗu gaban mai unguwa a yarda da raguna biyu ko uku da awo ya fitar, su kaɗai za a saka, sauran kowa ya ɗaure nasa. Mai ragon da aka zaɓa a riƙa ba shi wani abu, ko kuɗi ko harawa, don kada kuɗin Salla ya ja shi ya sayar. Ɗan kasuwa ma yana da rabo a nan, domin ragon da aka san ranar haihuwarsa da nauyinsa da iyayensa ya fi wanda ba a san asalinsa ba daraja wurin mai neman iri.

Wanda ya yi niyya ba sai ya jira shekara ba. Tunkiyar da za ta haihu a makon nan, da ɗanta za a buɗe littafi. Kafin wata shida ka san ragon da za ka riƙe, in dillali ya zo ka nuna masa sauran. Allah ya sa albarka a garke.